Allon da Itoe Ta Kife

Aikin da aka kawo wa Kuwabara Teizo a farkon damina bai wuce launin toka ba. Wata mai zane ce daga Norway, Liv Halvorsen, ta aiko da samfurin: faffaɗan fili mai kusurwa huɗu, toka daga sama har ƙasa, babu tsuntsu, babu reshe, babu ko ɗigo. Kwafi talatin take so. Za a jera su a bango ɗaya a wani babban baje koli a Turai, mutane su sanya tufafinsu masu kyau su je su tsaya gaban toka suna gyaɗa kai.

Horiuchi ce ta kawo saƙon, matar da ke da gidan baje zane a bakin kogi. Ita ke haɗa masu zanen ƙetare da tsofaffin masu buga zane da allon katako na Kyoto, tun ba su ƙare ba. Ta durƙusa a bakin tabarma, ta shimfiɗa samfurin da hannu biyu.

"Sunan aikin Shiru, Malam."

"Ya dace," in ji Kuwabara. "Ba ta ce komai ba."

Horiuchi ta yi irin dariyar da ake yi wa tsoho idan ana buƙatarsa. "Ta ce a duniya hannun Malam kaɗai take so."

"Waɗanda suka fi ni sun mutu ne, shi ya sa."

Amma a ransa ya san abin da aka kawo masa. Kowane ɗan koyo zai iya buga zanen rigar kimono mai furanni, don fure yana ɓoye kuskure. Toka kuwa ba ta da inda za ta ɓoye komai. Hannu ya yi nauyi kaɗan a gefe ɗaya, ko gashin buroshi guda ya maƙale, takarda za ta tona shi. Shekara hamsin da uku yana wannan sana'a, kuma yabo ɗaya aka taɓa yi masa da ya riƙe: cewa a bugunsa ba a ganin hannun mutum.

Takarda hamsin Horiuchi ta bari, ta hannu, mai kauri, daga wani tsoho a Echizen da ya yi su ya rufe masana'antarsa. Babu ƙari. Talatin masu kyau, ashirin na gwaji da kuskure. Mai zanen da kanta za ta sauka ran Juma'a ta mako na uku ta sa hannu.

Sauran magana allo ce. Fili mai wannan faɗin yana buƙatar katakon itacen ceri na kan dutse, guda ɗaya, marar haɗi, don haɗi yana fitowa a toka kamar tabo. Irin waɗannan itatuwa an daɗe da sare su. Allo ɗaya Kuwabara ya sani mai wannan faɗin, kuma yana bayansa, taku huɗu, a kife.

Matarsa Itoe ce ta kife shi. Shekara arba'in da ɗaya ita ke sassaƙa alluna shi yana bugawa. Sunan mai zane ke fita a ƙasan takarda, nasu ba ya fita, ba su kuma taɓa sa ran ya fita ba. Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Shi yana zaune a gaba, fuskarsa ga taga. Ita tana baya, ƙarƙashin gilashin rufi inda haske ke sauka kan wuƙarta. Mai bugu ba ya waiwaye. Da zarar an shafa launi a allo, numfashi biyar ake da shi kafin ya fara bushewa. Saboda haka idan ta yi magana amsarsa ɗaya ce: "Bari in gama wannan." In ya gama wannan, akwai na gaba.

A hunturunta na ƙarshe, ciwo ya riga ya cinye mata rabin jiki, ta sa aka sauko mata da babban allon da suka ajiye shekara ashirin suna jiran aikin da ya cancance shi. Ba wanda ya ba ta aiki, babu zanen kowa manne a kai. Ta yi wata biyu tana sassaƙa, yana jin ƙarar wuƙar a bayansa. Wata safiya ƙarar ta tsaya.

"Maigida, juyo ka ga wani abu."

"Bari in gama wannan."

Kalandar wani kamfanin shayi yake bugawa, kwafi ɗari biyu. Da ya gama ta riga ta kife allon ta shiga ciki ta kwanta. Washegari aka kai ta asibiti. Kwana tara ta yi ta rasu.

Shekara biyu da wata huɗu allon yana nan yadda ta bar shi. Yana goge masa ƙura a baya kowace Asabar. Ya gaya wa kansa girmamawa ce. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Macen da aka yi shekara arba'in da ɗaya ana ce mata "bari in gama", aka kuma bar ta da wuƙa da allo, tana da abin faɗa.

A gidan nan akwai ƙa'ida tun zamanin malamin babansa. Ba a kankare tsohon allo don sabon aiki sai an yi masa bugun sallama: a shafa masa baƙar tawada, a buga takarda ɗaya, a dube ta da kyau, a yi wa allon godiya, sannan a ƙona takardar. Ba ya cin minti goma. Kuwabara ya yi wa ɗaruruwan alluna, har da na tambarin shagon taliya. Wannan kuwa ya naɗe shi a bargo yadda yake, a kife, ya kira mota ta kai wa Umezawa.

Umezawa shi ke kankare alluna wa duk masu bugun unguwar, kuma tun suna makarantar firamare bai taɓa yi wa Kuwabara magana mai daɗi ba. Bayan mako biyu ya kawo allon da kansa, yana haki, ya jingine shi ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ga shi nan, sumul kamar kan jikana. Kaurin ɗan yatsa na cire. Ba ka da shayi ne, ko rowar ce har yanzu?"

Kuwabara ya zuba masa. Ya shafa fuskar allon da tafin hannu. Ja-ja, mai santsi, babu ko zane ɗaya.

"Ka ga abin da ke kai?"

"A'a, ido rufe nake aiki. Wace irin tambaya ce wannan?" Umezawa ya kurɓi shayin, sai ya tsaya da kofin a baki. "Teizo. Ka dai yi masa bugun sallama?"

Kuwabara ya ci gaba da shafa allon.

"Kai, amma kai jaki ne," in ji Umezawa a hankali. "Allon taliya ka yi wa. Na matarka ka aiko mini a bargo kamar mushen kare. Da na sani da ban sa masa ƙarfe ba."

"Me ta sassaƙa?"

"Oho. Shekara biyu yana bayanka. Wuyanka ne ya ƙage?"

"Umezawa."

"Ba ni ta sassaƙa wa ba. Na gani bisa dole, kamar mai wankan gawa. Ba zan yi tallansa ba." Ya ajiye kofin. "Shayinka ma ya lalace tun da ta tafi."

Ran Litinin da safe ya fara. Ruwa yana sauka siriri, irin wanda masu bugu ke so, don takarda ba ta saurin bushewa. Tun jiya ya jiƙa takardun ya lulluɓe su. Ya yanka 'yar tsagar da ake saka kusurwar takarda a gefen allon, ya jiƙa katakon, ya ɗiga tawadar da ya tsinka da ruwa har ta koma toka, ya ɗiga kokon shinkafa mai riƙe launi, ya baza da buroshi. Ya ɗora takarda. Ya ɗauki baren, faifan nan da aka naɗe da ɓawon gora, ya murza bayan takardar daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba.

Ta farko ta fito kamar sararin sama kafin dusar ƙanƙara. Ta biyu haka. Har ta shida babu abin da zai ce. Ya ji wani abu mai kama da jin daɗi, ya kore shi.

A ta bakwai akwai wuri a tsakiya da tokar ta ɗan fi duhu, faɗin tafin hannu biyu. Ya duba buroshin, ya duba baren, ya wanke allon ya karkata shi ga taga. Sumul. Ya buga ta takwas. Duhun yana nan, a wuri ɗaya, kuma yanzu yana da gefe. A ta goma gefen ya lanƙwasa ya gangaro dama da hagu, kamar tudu, ko kamar ƙararrawar haikali.

Ya san bayanin. Katakon da aka daka da guduma yana matsewa a ciki, ƙasa da inda wuƙa ta kai. In aka kankare shi aka sake jiƙa shi, wuraren da suka matse suna kumburowa. Kowa a sana'ar ya san haka. Shi ya sa ake cire kaurin ɗan yatsa. Kuma Itoe ba ta da ƙarfin ɗaga guduma a wancan hunturun, da wuƙa kaɗai ta yi aiki. Wannan ma ya sani.

Ya ƙirga. Shida masu kyau, huɗu sun lalace, saura arba'in. In ya tsaya yanzu ya samo wani allo, ko mai haɗi ne, zai iya fitar da ashirin da huɗun da suka rage har da rara. Abin da mai hankali zai yi ke nan. Ya rufe takardun, ya ci shinkafarsa da kabeji mai tsami a tsaye, ya wanke kwanon. Sannan ya dawo ya zauna ya buga ta goma sha ɗaya, don kawai ya tabbatar.

Tudun ya fitar da wuya, irin na mutum.

Ran Talata ya buga takwas. Bai yi sauri ba. Bayan kowace ɗaya yakan jingine ta a bango ya daɗe yana kallo. Ba layi ba ne ke fitowa, toka ce kawai ke yin nauyi a wani wuri ta yi sauƙi a wani, yadda mutum ke bayyana a cikin hazo. Kafaɗu. Ƙeya mai sanƙo da kunnuwa biyu da suka buɗe waje. Gwiwar hannun dama a ɗage. Mutum ne a durƙushe, ya duƙufa kan wani abu, ya ba mai kallo baya.

Bai taɓa ganin bayansa ba. Wa ya taɓa? Amma ya gane facin da ke kafaɗar rigar aikin, mai kusurwa uku, don Itoe ce ta ɗinka shi da zaren da bai dace ba, suka yi faɗa a kai.

To ashe wannan ne. Ƙeyarsa. Abin da ta kalla shekara arba'in da ɗaya, ta zauna da sauran ƙarfinta ta sassaƙa masa. Ya nemi zargin a ciki. Ya duba yadda aka karkata kafaɗar, yadda aka bi lanƙwasar kunnen, bai iya cewa ga fushi ga ƙauna ba. Hoton dai bai gama fitowa ba. Wataƙila a ta gaba.

Ran Laraba da hantsi, bayan ya ƙara buga bakwai, Umezawa ya shigo da wani allo a kafaɗa, bai yi sallama ba.

"Na kasa cin abinci saboda kai, tsohon banza. Ga wani, haɗi biyu ne amma ni na haɗa, ko kai ba za ka gano ba. Wancan ka ajiye shi ka..."

Ya ga bangon. Takardu ashirin da shida a jere, daga tsantsar toka zuwa mutum. Ya sauke allon a hankali.

"Nawa suka rage?"

"Ashirin da huɗu."

"Nawa kake buƙata?"

"Ashirin da huɗu."

"To ka ga. Ko ɗaya ba za ka ƙara ɓatawa ba. Ka ga abin da ta sassaƙa, shi ke nan, ƙeyarka ce, ba wani abin kallo ba. Ɗauke wannan ka ɗora nawa."

"Haka yake a allon? Daidai haka?"

Umezawa ya sa tabarau ya matsa kusa da ta ƙarshe. "Haka yake. Facin ma." Ya nuna ƙasan rigar, wajen ƙugu, inda akwai wani ɗan tabo mai duhu kamar kwabo. "Wannan babu shi."

"Ka tabbata?"

"Kwana biyu na yi ina kallonsa kafin in iya sa masa ƙarfe. Babu shi. Ƙullin katako ne wataƙila."

Kuwabara ya tuɓe rigar aikin da ke jikinsa ya juya bayanta. Wajen ƙugu akwai ƙuna, zagayayya, faɗin kwabo. Hitar ɗumama ɗaki ce ta yi masa ita a watan Janairun bana, ya jingina da ita yana gyangyaɗi. Lokacin Itoe ta kusa shekara biyu a ƙasa.

Suka tsaya su biyu suna kallon rigar. Ruwa yana ɗiga daga indararo. Umezawa bai dubi bayan ɗakin ba, inda matashin zamanta yake har yanzu ƙarƙashin gilashin rufi. Ya yi ƙoƙari sosai wajen ƙin dubawa, har wuyansa ya nuna.

"Teizo, ka ji ni. Ka yi masa baƙin bugu ɗaya a takardar banza, ka yi godiya, ka ƙona. Ka kai allon haikali. Sannan ka yi wa Baturiyar nan tokarta."

"Na gwada takardar banza jiya. Ba ya fitowa. Sai a wannan."

"Yo ai Itoe ce. Yaushe ta taɓa yarda da takarda mai araha?" Umezawa ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. "Sunanka fa. Shekara hamsin ba ka taɓa kai aiki a makare ba. Shi kaɗai gare ka, ba ka da 'ya'ya, ba ka da fara'a."

"Dubi kan," in ji Kuwabara.

"Me ya sami kan?"

"Dubi ta ashirin, ka dubi ta ashirin da shida."

A ta ashirin kunnuwa biyu ne daidai wa daida. A ta ashirin da shida na hagu ya ɗan ɓuya, na dama ya ɗan fito, kuma a gefensa akwai siririn farin da ba komai ba ne sai gefen kunci.

Umezawa ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Ya bar allonsa a jingine. A bakin ƙofa ya sa takalmi ƙafa ɗaya ya tsaya.

"Ni ba ni ta aura ba," ya ce, ya fita.

Kuwabara ya dubi sabon allon. Haɗin ya yi kyau, gaskiyar Umezawa. Ya ɗauki takarda ta ashirin da bakwai ya ɗora a kan na Itoe.

Daga nan babu sauran lissafi. Laraba da Alhamis ya yi ta bugu, kan yana juyowa kaɗan-kaɗan, kaurin gashi a kowace takarda. Kunci ya fito, sai ƙarshen gira, sai gefen hanci. Wani abu kuma ya canza a ɗakin. Duk lokacin da ya sunkuya kan allon yana jin abin da ya saba ji shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ba shi suna ba sai da ya rasa shi: ɗumin ido a tsakanin kafaɗunsa. Bai waiwaya ba. Launi yana bushewa.

Ran Juma'a da ƙarfe goma Horiuchi ta iso da Liv Halvorsen. Doguwar mace ce mai furfura, ta sunkuya a ƙofa, ta cire takalmi ba a gaya mata ba. Ta kawo masa kyautar cakulan a kwali. Takardu arba'in da tara ne a bango da ƙasa.

Horiuchi ta dube su, fuskarta ba ta motsa ba. An yi mata tarbiyya mai kyau.

"Malam, masu kyau nawa ne?"

"Shida."

"Shida." Ta sunkuyar da kai. "Lallai mun ɗora wa Malam nauyi. Laifinmu ne da ba mu yi la'akari da shekaru ba. Ya kamata Malam ya samu hutu sosai."

A Kyoto ba a korar mutum da abin da ya fi wannan. Kuwabara ya sunkuya ya karɓa.

Ita Halvorsen ba ta saurare su ba. Tana bin bangon daga ta farko, a hankali, hannuwanta a baya. Da ta kai ta arba'in da tara ta daɗe. A nan mutumin ya juyo fiye da rabi, ana ganin ido ɗaya, bai dai kai ga kallon mai kallonsa ba. Ta yi magana da Turanci, Horiuchi ta fassara ba da son ranta ba.

"Wai aikin wane ne?"

"Na matata. Kuwabara Itoe."

Ya ji sunan a bakinsa wani iri. A shekara arba'in da ɗaya masu zane sun shigo ɗakin nan da yawa, na gida da na waje, sun yaba siraran layukan gashi da na ruwan sama. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya sassaƙa.

Baturiyar ta maimaita sunan, ta ɓata shi kaɗan. Ta sake magana. Wannan karon idon Horiuchi ya yi haske, irin na ɗan kasuwa da ya hango ƙofa.

"Ta ce ya fi nata. Malam, akwai mafita. Ana iya kai su duka yadda suke, a jere, a rubuta bayani kan yadda katako ke tunawa. Can suna son irin wannan sosai. Sunan mai zane a sama, na marigayiya a ƙasa..."

"Bugun sallama ne," in ji Kuwabara. "Ƙonawa ake yi."

"Arba'in da uku? A wannan takardar?"

"Na makara ne, shi ya sa ya yi yawa."

Horiuchi ta fassara. Halvorsen ta dube shi, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ta yi abin da masu zane ke yi: ta ɗaga takardar ta ja da baya tana neman daidai inda mai sassaƙar ta zauna ta ga wannan kusurwar. Taku ɗaya, biyu, uku. Saura ɗaya ta taka matashin Itoe sai ta tsaya cak, kamar wadda ta ji numfashi a wuyanta. Ta matsa gefe da sauri. Ta ce wata kalma ɗaya, a hankali, ba ga kowa a cikinsu ba.

Horiuchi ba ta fassara ba. Ba a buƙata. Kalmar da mutum ke faɗa ce idan ya kusa taka wani.

Suka naɗe shidan suka tafi. Cakulan ɗin yana nan a bakin tabarma.

Saura takarda ɗaya. Rana ta ɗan leƙo ta gilashin rufi, karo na farko a makon. Kuwabara ya zauna a wurinsa, fuskarsa ga taga. Ya jiƙa allon, ya ɗiga tawada, ya ɗiga koko, ya baza. Ya ɗauki takarda ta hamsin da yatsu huɗu, ya kai kusurwarta bakin tsaga.

Ya san abin da zai fito. Tsoho mai sanƙo ya juyo gaba ɗaya, da idonsa biyu. Fuskarsa zai gani, wadda yake gani kullum in yana aski. Ya ƙona sunansa da takarda arba'in da uku yana jiran allon ya nuna masa Itoe, alhali allon ba ya ɗauke da ita. Abin da take gani kawai yake ɗauke da shi. Wata biyu ta yi tana sassaƙa ba don ya ga ƙeyarsa ba. Da bakinta ta faɗi abin da take so, da safe, a cikin kalma shida, yana buga kalandar shayi.

Numfashi ɗaya. Biyu. Tawadar tana sheƙi a kan katakon. Uku. Gefen sama ya fara dushewa, hannunsa na dama ya motsa da kansa zuwa ga baren, yadda ya saba tun yana ɗan shekara ashirin. Huɗu.

A bayansa wani abu ya faɗi kan tabarma, marar nauyi, kamar ɗan ɓawon katako da wuƙa ta fere.

Biyar. Ya zauna yana kallo har tokar ta bushe a kan allon, abin da bai taɓa bari ya faru ba a rayuwarsa. Ya mayar da takardar cikin lulluɓinta fara fat. Ya ajiye baren a kan 'yar ƙyallensa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara da ya dafa ƙasa.

"Ban gama ba," ya ce. "Nuna mini."

Ya juyo.